Tun da aka sauke a-kori-kurata ta koma amalanke: yaya zan dawo mata da laushin tafiya?

Mai Farar Chevrolet ya rubuta:

Assalamu alaikum, masana harkar mota. Ina da wata damuwa da ta hana ni sakat, kuma na ga ya fi kyau in kawo ta gabanku kafin in sake taɓa motar. A-kori-kura ce ƙirar Chevrolet C1500 ta 1996, mai ja da ƙafafun baya kawai, mai dogon gida, farfelarta kuma gaɓa biyu ce da boris a tsakiya. Wata huɗu ke nan da na kai ta aka sauke ta ƙasa, saboda ina sha'awar ganin mota ta kwanta, tayoyinta sun cika bakin madigad.

Ga yadda aka yi aikin. A gaba, bakaniken ya yanke zagaye biyu daga kowane sifirin na naɗi, motar ta sauka kusan inci 4. A baya kuma ya ɗauke aksul daga ƙarƙashin sifirin mai falle-falle ya mayar da shi samansa, ta sauka inci 6. Robobin da ke tokare aksul ya datse su har suka kusa ƙarewa, shokazoba kuwa na asali ya mayar a duk ƙafafu huɗu. Ni kuma da kaina na cire rim mai inci 15 na sa mai inci 22, da taya 265/35R22.

Ta fuskar kyan gani ba ni da abin cewa, amma tafiyarta ta lalace ƙwarai. Duk ɗan tudu ko ramin da na taka, sai in ji ƙarfe ya bugi ƙarfe a baya, bugun kuma ya biyo ta kujera har ƙashin bayana. Makon jiya na hau tudun rage gudu a hankali, kamar mai tafiya a ƙasa, amma duk da haka akwatin kayan aikina da ke bayan motar ya yi sama ya faɗo a buɗe, sufanu da notuna suka watse. Gaban motar ba ya lotsawa, sai dai ya riƙa tsalle kamar ƙwallo. Idan na tashi daga tsaye ina jin wata girgiza a ƙarƙashin kujera, wadda take ɓacewa da zarar motar ta ɗauki gudu, sannan tayoyin gaba sun fara cinyewa ta gefen ciki.

Na koma wurin wanda ya yi aikin, ya ce mini haka duk motar da aka sauke take, sai haƙuri. Wani kuma ya ce in sayi shokazoba masu inganci irin na Bilstein, wani ya ce maganin kawai shi ne jakar iska, irin wadda ake sa wa ƙafar mota ta yi aikin sifirin. Tambayata ita ce, wanne ya kamata in fara da shi, kuma shin akwai hanyar da motar za ta yi laushi ba tare da na mayar da ita tsayinta na da ba? Nakan ɗauki kaya lokaci-lokaci, amma ba masu nauyi sosai ba.

Tsohon Bakanike ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Maganar wanda ya ce maka sai haƙuri, rabinta gaskiya ce, rabinta kuma gudun aiki ne. Gaskiya ne cewa motar da aka sauke ba za ta haɗiye rami kamar wadda take a tsayinta na asali ba, amma bugun ƙarfe da ƙarfe ba ya cikin abin da mai mota zai haƙura da shi, alama ce ta aikin da aka tsaya a tsakiyarsa. Kada ka sayi komai tukuna.

Laushin tafiya yana zuwa ne daga tazarar da taya take da ita ta hawa sama kafin wani abu ya tokare ta. A cikin wannan tazarar sifirin yake lanƙwasa, a cikinta kuma shokazoba take rage ƙarfin bugun. Da aka ɗora aksul ɗinka a kan sifirin, an matso da shi kusa da shasi da inci 6, shasin kuwa yana nan inda masana'anta suka bar shi, saboda haka kusan duk tazarar ta tafi. A yanzu sifirin ɗin bayanka yana fara aiki ke nan sai aksul ya iske shasi, daga nan kuma ba sauran abin da ke tsakaninka da hanya sai iskar taya. Ko shokazobar da ta fi kowace kyau a duniya ka ɗaura, ba ta da inda za ta motsa, balle ta nuna kyanta.

Ga abin da nake so ka yi. Ka ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, babu kaya a bayanta, ka shiga ƙarƙashinta da tef ɗin awo da tocila. Ka auna daga saman bututun aksul zuwa ƙasan shasi a kowane gefe, ka kuma duba ko akwai wurin da fenti ya goge, ƙarfe yana ƙyalli, domin duk inda ka ga wannan ƙyallin, nan ake yin karon. Sannan ka mulmula yumɓu kamar girman ƙwai ka manna a kan bututun aksul daidai ƙarƙashin shasi, ka manna wani a saman kwanon aksul, ka zaga da motar a hanyar da ka saba bi, ka dawo ka ga yadda suka baje. Kaurin abin da ya rage shi ne gaskiyar tazararka. A ƙa'idar da na yi aiki da ita shekara da shekaru, ba na sallamar a-kori-kura sai aksul ɗinta na baya yana da kusan inci 3 na hawa kafin ya matse robar tokare.

Bayan haka ka kwance ƙasan shokazoba ɗaya ta baya, ka tura ta ciki har ƙarshe ka auna daga ido zuwa ido, ka ja ta waje har ƙarshe ka sake aunawa, sannan ka auna nisan maƙalanta biyu a jikin motar tana tsaye a kan tayoyinta. Ya kamata wannan nisan ya faɗo kusa da tsakiyar awon biyu. Shokazobar asali an yi ta ne don mota mai tsayi, don haka ina kyautata zaton taka ta riga ta kusa rufewa tun motar tana tsaye. Idan ita ce take ƙurewa kafin aksul ya taɓa roba, to bawul ɗin cikinta ne yake shan bugun, kuma ba a daɗewa take fara zubar da mai ko ta karya maƙalinta.

Game da gaba, yanke sifirin shi ne hanyar da ta fi sauƙi, kuma ita ce ta fi cin tazara, domin duk incin da motar ta sauka ta wannan hanyar, daga tazarar hawan taya aka cire shi. Hannun ƙasa, wato ƙarfen da ya haɗa tayar gaba da shasi ta ƙasa, ya riga ya ɗaga sama ya zauna a kan robarsa, shi ya sa kake jin tsalle, motar a kan roba take tafiya. Gyaran shi ne sifindul na sauke mota, irin waɗanda kamfanoni kamar Belltech da DJM suke ƙerawa. A jikinsa an ɗaga sandar da taya ke juyawa a kanta da inci 2, saboda haka motar tana sauka inci 2 alhali hannuwa da sifirin da shokazoba suna nan a mazauninsu na asali, ba a taɓa tazararsu ba. Sauran saukar sai ka nema da sifirin da aka ƙera gajere tun daga masana'anta, na inci 1 ko 2. Kuma kada ka bari kowa ya kusanci sifirin da wutar gas da sunan zai lotsar da shi, zafi yana kashe ƙarfen, ya ci gaba da zaunawa har ya karye.

Akwai wani ƙaramin abu da masu gaggawa suke mantawa. Notunan hannuwan gaba da na idanun sifirin na baya, inda bushin na roba yake, ba a ɗaure su tamau sai motar tana zaune da nauyinta a kan tayoyi. Idan an ɗaure su tana rataye a kan jak, robar takan zauna a murɗe, ta ƙara tauri, kuma ta yage da wuri. Ka sassauta su, ka girgiza motar, ka sake ɗaurewa tana ƙasa.

Injiniya Mai Lissafi ya amsa:

Baba ya gama magana a kan tushen matsalar, ni dai zan ƙara ɗan lissafi ne don Malam ya ga dalilin da ya sa tsarin da Baba ya kawo ba a juya shi.

Ƙarfin bugun da sifirin yake iya haɗiyewa yana tafiya ne da taurinsa a ninka da tazarar lanƙwasarsa sau biyu, wato tazarar a ninka da kanta. Ma'anar wannan ita ce, idan ka rage tazarar zuwa rabi, sai ka ninka taurin sifirin sau huɗu kafin ya haɗiye bugu iri ɗaya ba tare da ya ƙure ba. Wannan ne ya sa masu ƙera sifirin na sauke mota suke ƙara masa tauri, ba don mugunta ba, kuma wannan ne ya sa duk incin da ka ƙwato ya fi duk wani kayan da za ka saya amfani. Yankan sifirin ma yana ƙara tauri, tun da taurin sifirin na naɗi yana ƙaruwa gwargwadon raguwar zagayen da ke aiki: mai zagaye 10 da aka cire wa 2 ya ƙara tauri da kashi 25 cikin 100. Sai dai wannan ƙarin bai kai ko kusa da abin da zai rama tazarar da aka rasa ba, don haka an haɗa hasara biyu, ga tauri ga ƙurewa. Kuma da yake sifirin yana zaune ne a tsakiyar hannun ƙasa, ba a kan taya ba, ɗan abin da aka yanke yakan fito kusan ninki biyu a wurin taya.

Masu ƙera mota suna auna laushi da yawan lilon da jikin motar yake yi a daƙiƙa ɗaya. Motocin da ake jin daɗin zama a cikinsu suna tsakanin lilo 1 zuwa 1.5 a daƙiƙa. Sifirin da nauyin mota ya lotsar da shi milimita 250 yana ba da kusan lilo 1, wanda ya lotsa milimita 110 yana ba da 1.5, wanda kuwa ya lotsa milimita 62 kawai yana kai wa 2, inda mutum yake fara jin hanya a jikinsa. Bayan a-kori-kura marar kaya dama can yana da tauri, saboda an zaɓi sifirin ɗinsa ne don ɗaukar nauyi. Tun a shekarun 1930 Maurice Olley, injiniyan Ingila da ya yi aiki a General Motors, ya nuna cewa mota ta fi tafiya a shimfiɗe idan lilon baya ya ɗan fi na gaba sauri, domin baya ya cim ma gaba bayan an taka tudu. Motar da gabanta yake zaune a kan roba ta juya wannan tsarin, shi ya sa take rausaya gaba da baya kamar doki.

Abu na biyu shi ne kwanciyar shokazoba. Idan aka juya aksul a irin wannan motar, shokazobar baya takan ƙara kwantawa, kuma aikinta yana raguwa da sauri fiye da yadda ido yake gani. Wadda ta karkace digiri 20 daga miƙe tana ba da kusan kashi 88 cikin 100 na ƙarfinta, a digiri 30 kashi 75, a digiri 45 kuwa rabi kawai. Akwai ƙarafunan da ake ɗaurawa a maƙalin ƙasa su sauko da shi, su miƙar da shokazobar, su kuma dawo mata da wani ɓangare na tsawon da ta rasa. Sai an sa su sannan a auna a zaɓi shokazoba, kuma da awon buɗewa da rufewa ake zaɓarta, ba da sunan motar ba.

Na uku, taya. Tayar asali ta wannan motar, 235/75R15, tana da gefe mai tsayin milimita 176. Wadda Malam ya sa tana da 93 kacal. Gefen taya shi ne yake fara haɗiye ƙananan tsakuwa da tsagewar kwalta, waɗanda sifirin ba ya ma jin su, ga shi kuma babban rim yawanci ya fi nauyi, shokazoba ta ƙara shan wahalar danne shi a ƙasa. Taya 255/55R18 tana da gefe mai milimita 140, kuma faɗin zagayenta bai bambanta da na asali da ko santimita ɗaya ba, saboda haka agogon gudu ba zai rikice ba. Na san wannan shawarar ba za ta yi wa mai son manyan rim daɗi ba.

Mai Farar Chevrolet ya sake rubutawa:

Baba da Injiniya, Allah ya saka da alheri. Na shiga ƙarƙashin motar kamar yadda aka ce, abin da na gani kuma ya ba ni kunya. Tsakanin aksul da shasi bai kai inci ɗaya ba a kowane gefe, kuma ƙasan shasin ya yi ƙyalli kamar an goge shi da sanfefa, har bututun aksul ya ɗan lotsa shi a gefen direba. Yumɓun da na manna a can ya dawo kamar takarda, na saman kwanon aksul kuma ya rage kaurin kusan yatsa biyu. Shokazobar baya saura mata inci ɗaya ta rufe, ta hagu ta jiƙe da mai, kuma da na ɗora wayata a jikinta manhajar awon karkata ta nuna digiri 40. A gaba na yi ƙoƙarin zura takarda tsakanin hannun ƙasa da robarsa, ta ƙi shiga.

Na yarda da maganar sifindul a gaba. Abin da ya rage mini shi ne baya. An ce mini sai an yanke shasi a saman aksul an yi masa lungu don aksul ya samu wurin shiga, kuma gaskiya jikina ya yi sanyi da jin za a sa wa shasi abin yanka. Shin motar ba za ta raunana ba?

Mai Walda ya amsa:

Ɗan'uwa, tsoronka a kan hanya yake, kuma gara mai tsoron yanka shasi da wanda yake ganin abin wasa ne. Ƙarfin shasi wajen jure lanƙwasa yana cikin tsayinsa ne daga sama zuwa ƙasa, musamman a leɓensa na sama da na ƙasa. Lungun da ake yi, mai siffar harafin C a kife, yana cire leɓen ƙasa gaba ɗaya tare da wani ɓangare na bangon, kuma a daidai wurin da yake tsakanin maratayan sifirin biyu, inda nauyin kaya yake bi. Idan an yanke an bar shi haka, zai tsage, ko ba jima ko ba daɗe. Idan kuwa an rufe shi da farantin ƙarfe mai kauri da aka ƙera don wannan motar, wanda ya zarce lungun sosai ta gaba da ta baya, ya kuma mayar da leɓen da aka cire, motar za ta yi aikinta na yau da kullum lafiya.

Yadda nake yi shi ne, in tallafe shasin da matokarai a gaban wurin da bayansa kafin in taɓa shi, don kada ya motsa. In manna farantin in zana layi, in huda kusurwoyin da babban bakin diril domin su fito a zagaye, tun da tsaga daga kusurwa mai kaifi take farawa, sannan in yanka daga huda zuwa huda. Kafin wannan duka sai an kawar da bututun birki da na mai da wayoyin da suke bin cikin shasin, a kuma kare tankin mai daga tartsatsi. Na taɓa karɓar wata mota da aka yi wa lungu da wutar gas, aka liƙa guntun bututu a ciki ba tare da farantin gefe ba. Da na goge tsatsar sai ga tsaga ta tashi daga kusurwar ta hau har ta kusa leɓen sama, mai motar kuma bai san da ita ba, ƙarar da yake ji ce kawai ta kawo shi.

Ka sani kuma cewa lungun ba ya ba ka duk zurfinsa kyauta. Da zarar aksul ya samu hanyar hawa, abin da zai tare shi na gaba shi ne ƙarfen da ya gitta ƙarƙashin bodin kaya a saman kwanon aksul, sai bututun salansa, sai robar birki da za ta iya matsewa. Yumɓunka na biyu ya riga ya gaya maka cewa kwanon ba shi da nisa da bodin. Dole a ɗaga aksul da jak har ƙarshe, shokazoba a kwance, a ga wanda yake fara taɓawa, a tabbatar robar tokare ce take riga kowa. Kuma a sa roba mai laushi irin ta kumfa, wadda take ƙara tauri a hankali yayin da ake matsa ta, domin ita sai ta shiga aiki ba ka ji ba, saɓanin guntuwar roba mai tauri da take tsayar da aksul farat ɗaya.

Amma ni ra'ayina, tun da kana ɗaukar kaya, ka yi tunanin haƙura da inci 2. Ka mayar da aksul ƙarƙashin sifirin, ka sa dogon shakul, wato ƙarfen da ya rataye ƙarshen sifirin ta baya, da maratayin gaba na sauke mota, su ba ka inci 4 a baya, gaba kuma ka tsaya a inci 2 ko 3. Motar za ta kwanta daidai gwargwado, tazararka ta ƙaru, kuma ba a yanki shasi ba. A wasu ƙasashe ma dokar duba lafiyar mota ba ta amincewa da shasin da aka yanka, don haka ka binciki ta inda kake. Idan kuma ka nace a kan inci 6, to ka haɗa lungun da jakar iska ta taimako, irin ta Air Lift ko Firestone, don ranar kaya.

Tsohon Bakanike ya sake amsawa:

Na yarda da Malam Mai Walda a kan komai, sai dai ina so in ja hankali game da jakar iska, saboda mutane suna ɗora mata abin da ba aikinta ba. Ita ƙarin sifirin ce, tana ɗaga bayan mota idan kaya sun danne shi, amma ba ta ƙirƙiro tazarar da babu. Idan ka cika ta da iska motar ba kaya, tauri za ka ƙara. Masu ƙera ta suna cewa a bar mata aƙalla awo 5 na iska, irin awon iskar taya, koyaushe don kada ta murƙushe ta yage, to a nan za ka bar ta sai ranar da ka yi lodi. Ba ta kuma ƙara nauyin da aka ƙayyade wa motar, domin aksul da birki da taya ba su canja ba.

Girgizar da kake ji wajen tashi kuwa daga farfela take. Da aksul ya hau sama, kusurwar da kuros ɗin farfela, wato gaɓoɓinta masu lanƙwasa, suke aiki a kanta ta canja. Abin da ake nema shi ne kada kusurwar kowane kuros ta wuce digiri 3, kada kuma ta zama babu kwata-kwata, sannan na ƙarshe biyu da suke soke girgizar juna kada bambancinsu ya wuce digiri 1. A farfela mai gaɓa biyu irin taka, yawanci sai an ɗaga boris ɗin tsakiya, sannan a sa siririn ƙarfe mai gangare tsakanin sifirin da mazaunin aksul don a juya bakin aksul ɗin. Da wayar nan taka da ta auna shokazoba za ka iya auna wannan. Mai gangaren kuwa, ka nemi na ƙarfe, ka tabbatar kusar tsakiyar sifirin ta ratsa shi, ka sa sababbin yu-bol da ke ɗaure aksul da sifirin, ka kuma sake ɗaure su bayan 'yan kwanaki na tafiya, domin sukan saki.

Cin tayar gaba ta ciki zai tafi idan hannuwan sun koma mazauninsu aka kuma yi alaimen, amma alaimen shi ne na ƙarshe, bayan motar ta zauna a tsayin da za ta dawwama a kai. A lokacin ka gyara saitin fitilun gaba. Ga masu karatu da suke da a-kori-kura irin tsofaffin Toyota Hilux, masu bawul ɗin birki da yake haɗe da aksul na baya da sanda, ku tuna cewa sauke mota yana sa bawul ɗin ya ɗauka an yi lodi, ya ƙara wa birkin baya ƙarfi har tayoyin su riƙa kullewa, don haka sai an sake saita shi.

Mai Farar Chevrolet ya rubuta:

Na dawo da bayani bayan mako uku. Malam Mai Walda, na yi ta juya shawararka, amma zuciyata ta ƙi rabuwa da inci 6, don haka aka yi lungun da faranti mai noti, a gabana, kuma na sa aka huda kusurwoyin kamar yadda ka bayyana. Da aka ɗaga aksul har ƙarshe, salansa ce ta fara taɓawa, sai da aka sake lanƙwasa bututunta. Yanzu akwai inci 3 da ɗan ɗori kafin robar kumfa ta matse, shokazobar baya ta koma digiri 25 bayan an sauko da maƙalinta, kuma na zaɓi sababbin da awo. A gaba an sa sifindul na inci 2 da sifirin na inci 1, motar ta ɗan ɗaga a kan yadda take a da, amma yatsuna biyu suna shiga tsakanin hannun ƙasa da robarsa. Na bi ta kan tudun nan da ya watsar mini da sufanu, akwatin bai ko motsa ba. Girgizar tashi ta tafi bayan an ɗaga boris ɗin tsakiya aka sa ƙarfe mai gangaren digiri 2.

Rim mai inci 22 yana nan, Injiniya, kuma ina jin kowace tsagewar kwalta a sitiyari, saboda haka na san maganarka tana jirana. Abu ɗaya da ya rage shi ne wani ƙugi da sifirin na baya yake yi a ƙananan ramuka, kamar fallayen suna manne da juna sannan su saki. Na duba na ga robobin da ke ƙarshen fallayen sun cinye, biyu ma babu su. Baba, in sa sababbin robobin kawai ya isa, ko sai na warware sifirin ɗin gaba ɗaya na goge tsatsar da ke tsakanin fallayen?